Yanka a Ramin Wuya

Kwangila, Minna
Maris, 1988

Zuwa ga Malam Irimiya Mai Tawada, a Wusasa, Zariya.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da 'yarka Magdalene da maigidanta da yara. Yaya idon? An ce yanzu sai ka kai takarda bakin hanci kake gane baƙi. Da haka idon yake shekarun da kake duba mana nama a kwata, da tuni na gina bene.

Ka san ban zauna a aji ba, kuma ban yi nadama ba. Yisa tela, maƙwabcina, shi ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na gaya masa kada ya gyara mini magana, don zan sa wani ya karanta mini in ji.

Abin da ya sa na neme ka bayan dogon shiru, yaron gidan nan ne ba lafiya, wanda ya gaji teburina a kasuwa. Yisa ya ce in faɗi sunansa kada ka ruɗe. Na ce masa a gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba zan fara da furfura ba. Kuma ɗa namiji ɗaya gare ni, ina ruɗun yake?

Tun bayan kaka yake wani busasshen tari, ba jini, ba kaki. Ya rame. Mutumin da ke saɓa cinyar sa a kafaɗa ɗaya, yanzu in ya hau tudun kasuwa sai ya tsaya ya dafa bango. Da safe fuskarsa a kumbure kamar wanda zuma ta harba, sai rana ta ɗaga ta saɓe. Mun yi na gida, sassaƙe da rubutu, wanzami ya yi masa ƙaho. Matarsa Rahmatu ta matsa suka je asibiti ba a tambaye ni ba. An gwada yawunsa ba a ga komai ba, sai aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce a kira uban. Na je. Ya ɗaga hoton a taga, ya nuna mini wani farin abu a tsakiya, tsakanin huhu biyu, bayan ƙashin ƙirji. Ya ce kaluluwa ce ta kumbura a wurin. Kai ka san abin da kaluluwar wurin nan ke nufi a kwata.

Ya ce ba zai iya sanin ko mene ne ba sai an ciro ɗan yanki an duba, kuma nan Minna ba a yi, sai asibitin koyarwa na wajenku. Na ce ta ina za a shiga? Sai ya ɗora yatsa a ramin wuyansa, nan inda ƙasusuwa biyu suka haɗu. Wai nan za a yanka a zura bututu.

Malam Irimiya, ubana Ishaku ya biyo layin dogo daga Kano yana yi wa lebura yanka tun Minna tana rumfunan ciyawa. A hannunsa na koyi fawa. Wurin nan da likita ya nuna, nan ake soke raƙumi. Nan jini ya yi mahaɗa. Tun tasowata ban ga mai rai da ƙarfe ya shiga masa wurin nan ya miƙe ba. Na karɓi takardar da ya rubuta na sa a aljihu, muka dawo gida.

Abin da nake nema, 'yarka nas ce a can. Ka tambaye ta, in akwai ƙwaya ko allura da ke narkar da irin wannan, ta rubuto sunanta mu nema. Ka ba Ndagi direba amsa, motarsa na zuwa Zariya duk mako, shi zai kawo maka wannan.

Ka gaida mutanen gida. Wassalam.

Naka,
Mudi na Kwata

Wusasa, Zariya
Maris, 1988

Aminina Mudi,

Gaisuwa cikin sunan Allah mai jinƙai. Muna lafiya, sai idon da ka yi wa dariya. Hagu ya tafi, dama yana bin sa a hankali. Bene kuwa, da na rufe ido a kwata da ka gina shi, da rabin Minna ba ta kai ta gan shi ba.

Na gane wanda kake nufi. Alhassan ne. Ni ba ɗan farina ba ne, zan kira sunansa yadda nake so. Labarin ya dame ni ƙwarai.

Na zaunar da Magdalene na karanta mata wasiƙarka. A ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata take aiki, ta ga waɗanda aka yi wa wannan aikin da idonta. Ga yadda ta bayyana mini. Ana sa mutum barci, ba ya jin komai. Yankan bai wuce gaɓa biyu na yatsa ba, a kwance, kuma fata ce da abin da ke ƙarƙashinta, ba a taɓa maƙogwaro. Likita yana bi ta gaban maƙogwaron da yatsa ya buɗe hanya, sannan ya zura siririn bututun ƙarfe mai fitila a baki, ya leƙa ta ciki har ya ga kaluluwar. Sai ya tsinko kamar ƙwayar wake, ya fito, ya ɗinke. Ba suka ba ne irin ta raƙumi, Mudi. Mai suka jijiya yake nema, wannan kauce mata yake yi.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai hatsari. Manyan hanyoyin jini suna kusa, kamar yadda ka faɗa. Wani kuma yakan tashi da disasshiyar murya. Amma ta ce waɗanda ta gani duk da ƙafarsu suka fita.

Maganar ƙwaya, ta ce babu. Ba cuta ɗaya ke kumbura wurin ba, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan. Sai an san sunan abu kafin a nemi maganinsa.

In ka duba, aikin da na yi shekara da shekaru a gabanka ke nan. Ka buɗe ƙirji, in zo in tsaga kaluluwar da ke tsakanin huhu in ga abin da ke ciki. Ni sai dabba ta mutu nake iya dubawa. Su Allah ya ba su dabarar dubawa da ran mutum.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Cikin cututtukan da ta lissafa, mai sauƙin ita ce tarin fuka. Akwai maganinsa, allura da ƙwayoyi na watanni, mutum ya warke sarai ya koma sana'arsa. Sauran sun fi shi muni nesa ba kusa ba. Ni dai addu'ar da nake yi safe da yamma, Allah ya sa tarin fuka ne.

Ka turo shi da wuri, akwai ɗaki a gidan nan. Ka gaida Yisa da aikin rubutu.

Abokinka,
Irimiya

Kwangila, Minna
Afrilu, 1988

Malam Irimiya,

Bayan gaisuwa, don gaisuwa hakki ce.

Yisa ya karanta mini takardarka. Da ya zo kusa da ƙarshe na ce ya koma ya maimaita, na ɗauka bakinsa ne ya kauce. Ya maimaita. Ashe da gaske addu'a kake yi safe da yamma Allah ya ɗora wa ɗana tarin fuka.

Ban yi mamaki sosai ba. Rayuwarka duka abin da kake nema ke nan a ƙirjin dabbobina, in ka samu har wani murmushi kake yi. Ka manta farin bijimin nan na shekarar da aka ba mu jiha? Ni ban manta ba. Daga Mariga na koro shi, tozonsa har rawa yake. Aka buɗe shi, kitse fari tas, mutane sun yi layi da kwanoni. Ka zo da farar rigarka, ka tsaga kaluluwar, wuƙa ta yi ƙaras. Ciki rawaya kamar cuku da yashi. Ba ka ko dube ni ba ka ce a ja shi rami. Aka zuba kananzir. Har ƙaho ba ka bar mini ba.

Wannan dabba ce. Bari in tuna maka na mutum, don kai lokacin kana makarantar mishan kana koyon waƙa. Ndako mahauci, Banufe, teburinsa na jikin na ubana, zamanin Turawa. Ya fara tari. Aka duba aka kira sunan cutar nan. Ranar aka hana shi shiga kwata. Ba shi kaɗai ba, ƙannensa biyu lafiyarsu ƙalau, amma ba wanda ya ƙara sayen ko tsoka a hannunsu. Aka kai shi wani ɗaki bayan asibiti, ana tura masa kwano da sanda. Ni na kai masa fura, ta taga na miƙa. A can ya cika. Iyalinsa suka kwashe suka koma Bida, har yau babu mai riƙe wuƙa a zuriyarsu. Duk Minna ba mai tuna Ndako sai ni.

A sana'armu wannan sunan ba ciwo ba ne kawai, rufe gida ne. Teburin da Ishaku ya kafa, ya zo hannuna, ya je hannun yaron nan, akwai jikoki a bayansa. Kana so in kai shi da hannuna a yanka shi a wuya, don a ciro abin da za a rubuta a takarda a aiko wa hukumar kwata.

Yisa ya ajiye biro yana ce mini ba haka kake nufi ba. Na ce masa ɗinki na san ya iya.

Na kira yaron na gaya masa in ya je Zariya ba da yawuna ba. Ya ce to. Akwai wani mai magani a Kuta da aka yi mini kwatance.

Ka riƙe addu'arka, muna da tamu.

Mudi

Wusasa, Zariya
Mayu, 1988

Mudi,

Ina gaisuwa, da barka da shan ruwa.

Zaginka ya iso, na karɓa. Ban yi murmushi ranar bijimin nan ba, amma bar wannan.

Ndako ya rasu ne kafin magani ya zo ƙasar nan. Abin da ka gani gaskiya ne, sai dai ya wuce. Saniya ana jefa ta rami don ba mai jinyar saniya wata tara. Mutum ana jinyarsa. A ɗakin da Magdalene ta taɓa aiki akwai mai sayar da tsire da ya warke, yana nan Tudun Wada yana sana'arsa, ni kaina ina saye.

Abin da ke tsakiyar ƙirji ba ya jiran mutum ya huce. Ka yi fushi da ni iya son ranka, amma ka turo Alhassan.

Irimiya

Kwangila, Minna
Agusta, 1988

Zuwa ga Malam Irimiya.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali, yaya damina wajenku? Nan ruwa ya yi yawa, gadar Ketaren Gwari har ta sha.

Takardarka ta watan azumi tana ƙarƙashin buzuna. Ban amsa ba don ba ni da abin faɗa. Yanzu ma ba cewa na yi ka yi gaskiya ba, kada ka ɗauka haka.

Mun je Kuta, mun je wani a hanyar Paiko. An sha, an yi turare, an yi tsaga. Kumburin fuskar da ke saɓewa da rana yanzu ba ya saɓewa. Jijiyoyin wuyansa sun fito kamar igiyar ɗaure akuya. Ba ya iya kwanciya, a jingine yake barci. Ranar layya, ranar da mahauci ba ya zama, yana kan benci yana kallon yara suna ɓata fata, ko tsawa ya kasa yi musu.

Abin da ya sa na kira Yisa yau, Juma'ar da ta wuce ne. Muna sahu ɗaya, kafaɗarsa a tawa. Aka tafi sujada. Na ji wani gurnani a gefena irin wanda na sani a kwata. Da aka ɗago na saci kallonsa, Allah ya yafe mini, fuskar ta yi baƙi, idanun sun firfito. Sauran sallar a zaune ya ƙarasa, yana nuni da kai. Ashe ya daɗe a haka a ɗaki, Rahmatu ta sani, ni ake ɓoye wa. Ni da na haife shi ina kai goshina ƙasa, shi yana salla irin ta tsofaffi.

Da muka dawo ya same ni a zaure, ya durƙusa da ƙyar. Ya ce, "Baba, ban taɓa tsallake maganarka ba, yanzu ma in ka ce in zauna zan zauna. Amma ina so in ƙara sa goshina a ƙasa."

Na ce ya tashi, durƙuson na wahalar da shi. Na shiga ɗaki na ɗauko takardar likita na ba shi.

Za su taho a motar Ndagi, shi da matarsa. Ga sharuɗɗana, ka gaya wa 'yarka ta gaya wa mai yankan. Ya ambaci sunan Allah kafin ya sa ƙarfe, ko wane addini yake yi. Wuƙar ta zama mai kaifi, kada a yi ta ja. Kuma kada a nuna masa ita, ko akuya ba a wasa wuƙa a gabanta.

Ni ba zan zo ba. Uba ba ya bin ɗan fari asibiti yana zaman bakin gado, mutane su ce me? Ina nan ina kula da tebur.

In sakamako ya fito ba na son dogon turanci. Magana ɗaya za a aiko mini, ciwon Ndako ne ko ba shi ba ne. In shi ne, kada Ndagi ya ji, ka rubuta ka liƙe.

Na ba ka amanarsa. Ka gaida Magdalene.

Mudi na Kwata

Wusasa, Zariya
Satumba, 1988

Aminina Mudi,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karɓi amana.

An yi aikin, kuma Alhassan ya tashi. Na sa wannan a farko don Yisa ya fara da shi.

Da likitan ya gan shi ya yi faɗa kan jinkiri, na ce laifina ne, ban iya rubuta wasiƙa ba. Sun ɗan jira saboda kumburin, don sun ce sa mai irin wannan barci sai da lura. Magdalene ta isar da sharuɗɗanka. Likitan ya yi dariya a na farko, ya ce ai kullum yana yi, hannunsa ba ya shiga ƙirjin mutum sai ya roƙi Allah. Na ukun kuma ya ce a gaya wa tsoho an kiyaye, barci ya riga wuƙa.

Ni da Rahmatu muka zauna a baranda. Tana jan carbi, ni ma ina tawa addu'ar a zuci. Da aka turo shi na matsa kusa don idona. Auduga ce 'yar ƙarama a ramin wuya, tafin yaro zai rufe ta. An ce ya zubar da jini fiye da yadda aka so, amma sun tsayar.

Da ya farfaɗo muryar ta dishe, sai ka kai kunne. Ya nemi kunu. Sannan ya jawo hannuna ya ce, "Baba Irimiya, ka gaya wa Baba an soke raƙumi ya tashi." Yana so ya yi dariya, ɗinkin ya hana.

Abin da aka ciro yana ɗakin gwaji. Ban gan shi ba, a kwalba suka wuce da shi. Sai sun yanka shi siriri sun duba a madubi, zai ɗauki kwanaki. Numfashin yana nan yadda yake, don wannan aikin dubawa ne, ba magani ba. Kada ka ƙosa.

Abokinka,
Irimiya

Kwangila, Minna
Satumba, 1988

Zuwa ga aminina Malam Irimiya Mai Tawada.

Gaisuwa mai tarin yawa, da godiya ga Allah da ba ya barci. Yisa ya ce in yi a hankali hannunsa ba inji ba ne.

Ndagi ya iso jiya da azahar. Ya ce ya biya asibiti kafin ya taso, ya sami yaron a baranda, da bakinsa ya ba shi saƙo: ka gaya wa Baba ba tarin fuka ba ne. Na sa ya maimaita a gaban mutane. Ya ce Rahmatu na gefe tana ta kuka. Na ce bar ta, mata ko daɗi ya yi musu yawa kuka suke yi.

To, Malam, addu'ar wa aka karɓa?

Ban tsaya ba. Na tafi kara da kaina na zaɓi ɗan bijimi ja. Rabona da kayar da dabba tun kafin gwiwa ta hana ni, amma wannan ban bar wa kowa ba. Yara suka riƙe, na yanka. Da aka buɗe ƙirji na ce kowa ya matso. Na ciro kaluluwar tsakanin huhu na tsaga ta a tafin hannuna, irin yadda kake yi, har da karkata kai. Wuƙa ta wuce sumul, ciki fes. Na ɗaga na ce, haka ta gidana take. Sabon mai duba naman, wani yaro da bai kai rabinka ba, ya buga tawada yana dariya.

Ko tsoka ban sayar ba. An raba a Kwangila da Limawa, an kai masallaci, an kai gidan marayu, na aika da cinya guda gidan ƙanenka a Maitumbi. Na ce sadaka ce kawai, ban ce don wa ba, amma kowa ya sani. Tun jiya zaure bai huta ba, 'yan barka ke ta shigowa. Sarkin Fawa da kansa ya zo. Dama akwai masu raɗe-raɗi a kasuwa, wasu sun fara kauce wa teburinmu. Yau kafin azahar naman tebur ya ƙare.

Na yafe maka maganar nan. Na san ba mugunta ba ce, aikin ne ya bi jikinka, ba ka iya ganin ƙirji ba ka yi masa fatan rami ba. Kuma zan faɗi abu ɗaya, Yisa shaida ne, ba zan ƙara faɗa ba: maganar yankan, kai ka fi ni gaskiya.

Tunda ba wancan ba ne, sauran mai sauƙi ne. Su ba shi abin da za su ba shi ya dawo, sanyi na tafe, lokacin ciniki ne. Ga kilishi nan Ndagi zai kawo, na gidanka daban, nasa daban. A jiƙa masa in wuyan bai warke ba.

Ka gaida 'yata Magdalene, Allah ya yi mata albarka. Ka gaida likitan, ka ce wani tsohon mahauci ya sara masa.

Naka har kullum,
Mudi

Wusasa, Zariya
Oktoba, 1988

Mudi,

Ina gaishe ka. Yisa, don Allah ka karanta masa wannan duka, kada ka tsallake komai, kuma ka bari sai zaure ya watse.

Kilishi ya iso. An jiƙa wa Alhassan, ya tsotsa, haɗiya tana yi masa wuya yanzu. Na karanta masa wasiƙarka don ya matsa. Da na zo wurin jan bijimi ya juya fuska bango.

Saƙon da ya ba Ndagi gaskiya ne, amma rabi ne. Ya ce tambaya ɗaya ka yi, ita ya amsa. Ya roƙe ni in bar ka haka. Ya ce tun yana yaro bai taɓa jin ka yi murna da shi a gaban mutane ba sai yanzu, a bar maka. Na kwana biyu ina juya maganar. Amma ka san ni, ban taɓa buga tawada a kan abin da na san ba haka yake ba.

Ba tarin fuka ba ne. Ciwon daji ne. Ya kama kaluluwar duka, ya naɗe babbar jijiyar da ke mayar da jini daga kai zuwa zuciya, shi ya sa fuska ke kumbura in ya sunkuya. Ba ya ciruwa da wuƙa. Wannan ne abin da nake tsoro tun farko, shi ya sa na yi addu'ar da ta ɓata maka rai.

Sun fara yi masa wasu allurai masu ƙarfi. Likita ya ce wataƙila su rage kumburin ya sami numfashi, wataƙila har ya iya sujada. Warkewa kuwa, bai yi alkawari ba, kuma da na dubi Magdalene ta sunkuyar da kai.

Na san abin da za ka tambaya, don haka na riga ka. Na ce da an kawo shi tun kafin azumi fa? Ya ce da ya fi samun abin yi, amma ba zai rantse cewa da ya tsira ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ba ya tambayar kowa sai kai. Ba ya cewa ka zo, ka san shi. Sai dai duk ranar motar Ndagi yana sa a zaunar da shi a baranda. Ka bar kunyar ɗan fari a Kwangila, Mudi. Mutanen da kake tsoron bakinsu sun ci nama sun ƙoshi.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Irimiya

Kwangila, Minna
Oktoba, 1988

Malam Irimiya,

Ina gaisuwa. Yisa ya karanta duka.

Har yanzu ana shigowa yi mini barka. Ina amsawa.

Ndagi ya ce in shirya, zai biyo ta ƙofar gida. Zan shigo da 'yar wuƙata ta fiɗa, na wasa ta. Kafin in iso ka sa 'yarka ta roƙi likita, in akwai sauran abin da suka ciro a kwalbar nan, a ba ka. Yara ne, a madubi suka duba, wataƙila gefe ɗaya suka yanka. Kai ba ka buƙatar ido, a hannu kake jin ƙaras ɗin nan. Shekara da shekaru ba ka taɓa rasa shi a ƙirjin dabbata ba in yana nan. Ka tsaga a hankali, ka bi ko'ina. Ko ƙwaya ɗaya ce rawaya, ta isa. Bari tebur ya tafi, a rufe gidan.

Ka nemo wa Alhassan tarin fuka.

Yisa ya ɗago kai yana kallona. Na ce ya rubuta sunan yadda na faɗa.

Sai na iso.

Mudi